Tsakanin Goyo da Leja: Nasiha ga Mai Jego da Ke Aikin Akanta na Ɗan Lokaci

Aikin akanta, wato sana'ar rubuta kuɗin da ya shigo wa ma'aikata ko ɗan kasuwa da wanda ya fita, da tsara su yadda mai dukiya da hukuma za su san inda aka kwana, yana daga cikin sana'o'in da iyaye da malamai suke kwaɗaita wa 'yan mata, bisa hujjar cewa aiki ne na zaune wanda mace za ta iya haɗa shi da hidimar gida. Akwai gaskiya a wannan hujja, sai dai ba a sanin iyakarta sai ranar da yarinyar da ta yi karatun ta yi aure ta haihu, ta ga cewa fita tun ƙarfe bakwai na safe da dawowa bayan la'asar ba za su yiwu ba ga jariri a hannu. A nan ne da yawa suke neman abin da ake kira aikin ɗan lokaci, wato yarjejeniyar da ma'aikaciya za ta riƙa yin wasu kwanaki a mako ko wasu sa'o'i a yini, a biya ta gwargwadon haka. Tsari ne mai amfani wanda ya hana mata da yawa barin sana'arsu, amma yana da rami guda da masu shigarsa ba su cika gani ba, wato sau da yawa albashin ne kaɗai yake raguwa, aikin kuwa yana nan yadda yake, ya dai tashi daga ofis ya koma tsakar ɗaki da tsakar dare.

Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar sana'ar kanta. Malamar makaranta da aka rage wa darussa daga ashirin zuwa goma ta sami sauƙi na haƙiƙa, domin darasin da ba ta shiga ba wani ne zai shiga. Ita kuwa akanta wa'adi ne ke jan aikinta, kuma wa'adin bai san rabin albashi ba. A Najeriya harajin albashi, wanda ake cirewa daga kuɗin ma'aikaci tun kafin ya shiga hannunsa, dole ne ya isa hukumar haraji zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan sayen kaya da hidimomi, kuma yake kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, ana kai bayaninsa zuwa ranar 21 ga wata. Kuɗin fansho ana tura shi cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. A kowace shekara kuma ma'aikata tana kai bayanin harajin dukan ma'aikatanta zuwa 31 ga Janairu, kamfani yana kai nasa cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa, abin da ya sa watan Yuni ya zama watan rashin barci ga akantocin kamfanonin da ke rufe shekara a Disamba. A kan waɗannan duka akwai rufe littafin wata, wato tattara duk cinikin watan a daidaita shi a fitar da riba ko faɗuwa, wanda yake cin kwanakin ƙarshen wata da na farkon mai kamawa. Wadda ta amince da kwana uku a mako ba tare da ta dubi waɗannan ranaku ba, za ta tarar cewa tsakiyar wata tana da sarari har ta yi kitso, amma daga 25 ga wata zuwa 10 ga na gaba kwana bakwai take yi a mako.

Shi ma jariri yana da nasa wa'adin, kuma nasa ya fi na hukuma tsanani domin ba a roƙon a ɗaga shi. Sabon haihuwa yakan sha nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da shi nono zalla har wata shida, a ci gaba tare da abinci zuwa shekara biyu, wanda shi ne adadin da Alƙur'ani ya ambata ga mai son cika shayarwa. Ga allurar rigakafi ranar haihuwa, da ta sati shida, da ta sati goma, da ta sati goma sha huɗu, da ta wata tara, kuma kowace uwa ta san cewa daren rigakafi yakan zo da zazzaɓi da kuka. Al'adar Hausa ta daɗe da fahimtar nauyin wannan lokaci, shi ya sa ta keɓe wa mai jego kwana arba'in na wanka da hutu da abinci mai gina jiki, ta kuma mayar da mai haihuwar fari gidan iyayenta domin a ɗauke mata hidima. Wannan arba'in ɗin bai kamata a sayar da shi da kowane irin kuɗi ba. Mai jegon da ta buɗe kwamfuta kwana uku bayan suna domin a ce mata jaruma, jikinta ne zai biya bashin daga baya, kuma ta koya wa mai aikin cewa babu lokacin da ba za a neme ta ba.

Ya kamata kowace matashiya ta san abin da doka ta ba ta kafin ta zauna ciniki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun haihuwa na sati goma sha biyu, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki a wurin, da rabin sa'a sau biyu a yini domin shayarwa. Gwamnatin tarayya tana ba ma'aikatanta mata aƙalla sati goma sha shida, Jihar Legas ta kai nata wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019, Jamhuriyar Nijar kuwa tana ba da sati goma sha huɗu. Amma akwai wani lungu a dokar Najeriya da ya shafi akanta kai tsaye, domin ma'anar da dokar ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, wanda ke nufin cewa akantar kamfani mai zaman kansa tana iya samun kanta ba ta da madogara mai ƙarfi sai abin da aka rubuta a takardar ɗaukarta aiki. Takardar nan ita ce katangarta, kuma abin baƙin ciki ne a ga mai sana'ar da ba ta yarda a fitar da naira ɗari biyar ba tare da rasit ba, ta miƙa rabin rayuwarta bisa maganar baka.

Kunya ce kan gaba wajen jawo haka. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ambaci sunan ɗanta na fari, kada ta nuna ɗokinsa a gaban manya, yana yi mata nauyi ƙwarai ta dubi shugabanta ta ce ranar Laraba ba za ta zo ba saboda rigakafi. Shi kuma yakan rufe maganar da kalamai masu daɗi: “Haba Maman Abba, ai mu 'yan'uwa ne, duk yadda kika ga ya yi miki daidai.” Wannan magana ba ta ɗaure kowa ba, kuma idan aiki ya taso shi ne zai fassara ta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaida ko da tsakanin muminai ne, saboda haka neman a rubuta yarjejeniya ba rashin kunya ba ne, kuma ba zargin kowa ba ne. Abin da ya kamata takardar ta ƙunsa shi ne ayyukan da ke wuyanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da waɗanda aka sauke mata da sunan wanda zai ɗauke su, da ranakun da za ta zo da kanta, da lokacin da za a iya kiran wayarta, da yadda za a biya sa'o'in da suka haura a ƙarshen wata da ƙarshen shekara, da kuma watan da za a sake zama a duba ko za ta koma cikakken aiki. Gaɓa ta biyu ita ce mafi muhimmanci, domin aikin da aka ce an sauke amma ba a ɗora wa kowa ba, teburinta zai dawo.

Ba kowane reshe na sana'ar ne yake karɓar aikin ɗan lokaci ba. Aikin odita, wato mai binciken littattafan da wasu suka rubuta, yana buƙatar zuwa ma'aikatar da ake bincika a wuni a can, wani lokaci a wani gari, da ƙirga kaya a sito a ƙarshen shekara, don haka yana da wuya ga mai shayarwa. Aikin kashiya ma yana ɗaure mutum a kujera muddin ƙofa tana buɗe. Waɗanda suka fi dacewa su ne shigar da ciniki a leja, wato babban littafin da kowane asusu yake da shafinsa a ciki, da shirya albashi, da cike takardun haraji ta intanet, da daidaita lissafin banki, wato gwada abin da littafin ma'aikata ya nuna da abin da takardar banki ta nuna har a gano dalilin kowane bambanci. Duk waɗannan ana yin su da kwamfuta da manhaja irin su Excel ko QuickBooks ko Sage, kuma ana iya yanka su gunduwa-gunduwa a yi tsakanin barcin jariri da farkawarsa.

Masu buƙatar irin wannan hidima suna da yawa a garuruwan Arewa, kuma mafi yawansu ba za su iya ɗaukar cikakken akanta ba: makarantu masu zaman kansu, da kantunan magani, da ƙananan asibitoci, da masu injin casar shinkafa, da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau a Kano. Sai dai wadda za ta karɓi aikin ɗan kasuwa ta san abin da za ta tarar. Yaron shago zai kawo mata leda cike da rasit, wasu sun sha mai wasu sun koɗe, da littafin bashi da aka rubuta wani wuri da boko wani wuri da ajami, da takardun na'urar POS da suka nannaɗe, kuma a cikin asusun bankin shagon ne Alhaji ya biya kuɗin makarantar yara ya sayi ragon layya. Raba kuɗin gida da na kasuwa shi ne aikin farko, kuma yakan ci makonni kafin littafi ya miƙe. Saboda haka wannan gyaran farko a yi masa farashinsa daban, sa'an nan a yanka kuɗin wata-wata. Mai jego kuma ta fara da mutum ɗaya ko biyu, domin duk wanda ta ƙara, ranar 10 da ranar 21 ɗinsa ɗaya ce da ta sauran, kuma Hausawa sun riga sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Wajen farashi, ciniki a kan aiki ya fi mata ciniki a kan sa'a, domin ƙwararriya takan gama cikin sa'a biyu abin da wani zai wuni a kansa, kuma bai dace saurinta ya zama dalilin rage mata kuɗi ba. Ya kamata kuma ta yi wa kanta irin lissafin da take yi wa mutane, ta cire kuɗin a-daidaita-sahu, da data, da man janareta ko cajin batir, da ladan mai raino, ta ga abin da ya rage. Akwai asarar da ba a gani a albashin wata. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, ma'aikatar da dokar ta shafa tana zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci yana zuba kashi 8, to idan aka cire mace daga jerin ma'aikata aka mayar da ita mai aikin kwangila, wannan kashi 10 ya tafi, sau da yawa tare da inshorar lafiya. Idan da hali ta tsaya a kan a bar ta cikin jerin ma'aikata ko da albashin ya ragu, idan kuwa babu, ta sa wannan asara cikin farashinta, ta kuma ci gaba da zubi da kanta ta tsarin da hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe wa masu sana'ar kansu a 2019.

Babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne kuskuren da rashin barci ke haifarwa. Tsarin da akantoci suke bi, wanda wani malamin Italiya mai suna Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494, shi ne rubutu mai fuska biyu, wato kowane ciniki a rubuta shi sau biyu, inda kuɗin ya fito da inda ya shiga, ta yadda jimillar ɓangarorin za ta zo daidai. Uwar da ta tashi sau huɗu cikin dare, ta zauna da ƙarfe biyu da jariri a kafaɗa tana shigar da lambobi da hannu ɗaya, abu ne mai sauƙi ta rubuta 45,000 a inda ya kamata ta rubuta 54,000. Idan a ɓangare ɗaya ta yi kuskuren, littafi zai ƙi daidaita da giɓin 9,000, kuma tsofaffin akantoci sun san cewa giɓin da tara ke raba shi ba saura yakan nuna an juya lambobi biyu. Amma manhajar kwamfuta takan ɗauki lamba ɗaya ta rubuta ta a ɓangarorin biyu, sai littafi ya daidaita alhali ƙarya ce a ciki, ba za a gane ba sai an gwada da takardar banki, ko kuma sai an riga an biya wani abin da ba haƙƙinsa ba. Don haka aikin da ke buƙatar nutsuwa a ajiye shi zuwa hantsi bayan an yi wa jariri wanka ya yi barci, kuma duk abin da aka shirya da dare, musamman albashi da takardar haraji, kada a tura shi sai an sake karanta shi da safe. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma uwar da ta ji baƙin ciki ko fargaba sun zauna mata makonni bayan haihuwa, ta sani cewa wannan ciwo ne da likitoci suka sani suke kuma maganinsa, ta je asibiti.

Amana ma tana sauya kama idan aiki ya shigo gida. Gidan mai jego gidan baƙi ne, 'yan barka suna shiga suna fita, ƙanne da 'ya'yan maƙwabta suna karɓar waya su yi wasa. Takardar albashin mutane da bayanin asusun ɗan kasuwa sirri ne da ba ya halatta ko ga miji, don haka a kulle su a durowa, a sa wa kwamfuta makulli, kuma kada a riƙa tura su ta WhatsApp a wayar da kowa ke taɓawa. Akwai kuma haɗari na musamman ga wadda ba ta zuwa ofis kullum, wato a aiko mata da takarda a ce, “Hajiya, sa hannu kawai, an riga an duba.” Abin da ba ta gani da idonta ba kada ta sa masa hannu, ko wane ne ya aiko, domin ranar da odita ko hukuma za su zo, sunan da ke ƙasan takarda shi za a kira, kuma ba za a karɓi uzurin jego ba.

A cikin gida kuwa kalmar da ta fi cutar da wannan tsari ita ce “ai tana gida.” Da zarar an ga mace ba ta fita, sai a ɗauka ba ta da abin yi, a aiko mata da baƙi da girkin suna da yaran dangi. Miji ne ya fi kowa ikon gyara wannan, ta hanyar sanar da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza matarsa tana bakin aiki, da kuma karɓar jaririn da kansa a daren rufe littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a shigar da lissafi da goyo yana kuka, don haka dole a sami babba mai hankali, kaka ko inna ko mai raino da ake biya, da zai riƙe yaron a sa'o'in aiki. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauko 'yar shekara tara daga ƙauye a hana ta makaranta domin wata ta ci gajiyar karatunta, wannan zalunci ne ko da an saba da shi. Ranar da za a je ofis ana iya tatsar nono a bari, yana kai kimanin sa'a huɗu a ɗaki mai sanyi da kwana huɗu a firijin da wutarsa ba ta yankewa, a zafin bazara kuwa a gaggauta ba da shi.

Sauran abin da ya rage shi ne kada sana'ar ta tsufa a hannunta. Wadda take da rajista da ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci da doka ta kafa a 1965, ko ANAN, wadda aka kafa a 1979 kuma take da kwalejinta kusa da Jos, ta ci gaba da biyan kuɗin shekara da halartar darussan ƙarin ilimi da aka wajabta wa mambobi, waɗanda da yawansu yanzu ana yin su ta intanet. Wadda ba ta gama jarrabawa ba ta rage yawan takardun da za ta zauna a zango ɗaya, amma kada ta ajiye gaba ɗaya, domin komawa bayan shekara biyar ya fi wuya nesa ba kusa ba. Dokoki ma suna canzawa: a watan Yunin 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026, har hukumar tara haraji ta tarayya ta sauya suna da tsari, kuma akantar da ta tsaya a kan abin da ta karanta a jami'a za ta ba mutane shawarar da ta daina aiki.

Masu ma'aikatu da 'yan kasuwa su ma su dubi maslaharsu, domin akantar da ta san littattafansu shekara uku ko huɗu ba a maye gurbinta cikin wata guda, kuma sassaucin shekara ɗaya ya fi musu arha a kan koya wa sabuwa daga farko. Ita kuwa matashiyar da take ɗauke da ciki a yanzu kuma take tunanin wannan tsari, kada ta jira sai bayan suna, lokacin da jiki ya gaji kuma buƙata ta matsa. Ta nemi zama da mai aikin tun cikin yana wata shida ko bakwai, ta je da jerin ayyukanta da ranakun wa'adinsu a rubuce, a yi yarjejeniya kowa ya sa hannu, ta ba su kwafi ɗaya, ta ajiye ɗaya a jakar da take ajiye katin awo.